Aika Fayil Zuwa Firinta Daga Layin Umarni

Tun da na koyi aika fayil zuwa firinta daga layin umarni (wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi) a tsarin kwamfuta na Linux, ban cika buɗe wata manhaja don buga takarda ba. Tsarin buga takardu mai suna CUPS, wanda kamfanin Apple ya saya a shekarar 2007, shi ne ke karɓar aikin ya sa shi a layin jira. Nakan fara da lpstat -p -d domin in ga firintocin da ke akwai, sannan in rubuta lp -d tare da sunan firinta da na fayil. Zaɓin da na fi daraja shi ne -o sides=two-sided-long-edge, domin yana buga gaba da baya, takarda ba ta salwanta a banza. Idan na aika fayil bisa kuskure, umarnin cancel da lambar aikin (wadda lp ke nunawa idan an aika fayil) ya wadatar wajen soke shi.