Amaziya da kudin da ya riga ya biya

Akwai wata aya a Littafi Mai Tsarki da ta hana ni sakat tun makon jiya, 2 Tarihi 25:2. Maganar sarki Amaziya ce na Yahuza, wai ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji, amma ba da zuciya daya ba. Na karanta na wuce, sai kuma na dawo, dan gaskiya ban taba kawowa a raina cewa mutum zai yi daidai kuma Allah ya ce da saura ba.

Mutumin nan fa ba mugu bane. Yana shekara 25 ya hau mulki, ya yi shekara 29 yana sarauta a Urushalima, da ya tashi hukunta wadanda suka kashe babansa ma bai taba 'ya'yansu ba saboda dokar Musa ta hana. Toh sai yaki da Edom ya taso, ya dauko hayar sojoji dubu 100 daga Isra'ila da talanti 100 na azurfa, wani mutumin Allah ya zo ya ce masa kar ka tafi da su, Ubangiji baya tare da su. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shine, to kudin da na riga na biya fa? Ya sallame su kam, ya yi biyayya, amma zuciyar tana can wajen lissafin asara. Allah ya ba shi nasara, sai ga shi ya kwaso gumakan mutanen da ya ci da yaki ya kafa yana musu sujada, gumakan da ko masu su basu iya ceta ba.

Anan ne abin ya taba ni. Bana fashin coci, ina fitar da zakka, ina azumi, in an ce a yi addu'ar dare ina cikin na farko, duk wanda ya gan ni zai ce komai lafiya. Amma akwai wata 'yar'uwa da ta yi min abin da ya kona min rai shekara 3 da suka wuce, ta dauki maganar da na fada mata a asirce ta baza, tun daga ranar muna gaisawa sama sama muna waka a layi daya amma ni na san ban yafe ba, kuma duk sanda Ruhu Mai Tsarki ya tabo wajen sai in ji kaina ina irin tambayar Amaziya, to mutuncina da ya zube fa, wa zai biya ni? Na mika wa Allah lokacina da kudina, wannan fushin ne kawai na rike na ce nawa ne.

Sai na tuna Kalibu. Yana shekara 40 Musa ya aike shi leken asirin kasar Kan'ana da Allah ya yi wa Isra'ilawa alkawari, su 12 ne, shi da Joshuwa kadai suka tsaya a kan cewa Allah zai iya ba su kasar. Ya jira shekara 45 saboda rashin bangaskiyar wasu, ba laifinsa ba, amma yana shekara 85 ba korafi ya zo da shi ba, kasar tuddai ya roka ya je ya yi yaki, aka ba shi Hebron. Shaidar da aka yi masa ita ce ya bi Ubangiji da zuciya daya. In akwai wanda ya kamata ya rike wani a rai ai shine.

Amsar da aka ba Amaziya ita ce Ubangiji yana iya ba ka fiye da wannan. Na dade ina juya ta. Yesu kuma a Matiyu 5 cewa ya yi ka bar baikonka a gaban bagadi ka je ka fara shiryawa da dan'uwanka tukuna.

Jiya da daddare na rubuta wa 'yar'uwar nan mesej, na goge ya fi sau hudu kafin na tura, hannuna har rawa yake. Ce mata na yi ina so mu zauna mu yi magana ranar Lahadi bayan sujada. Ta gani, bata amsa ba tukuna. Ku sa ni a addu'a dan Allah.