Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Maki Talatin na TMA

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na samu gurbi a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN. Yau zan jingine labarin kaina tukuna, domin tambayoyin da kuke ta aikowa duk wuri ɗaya suka dosa: yaya karatun yake tafiya, kuma a ina mutane ke tuntuɓe? Gara in shimfiɗa shi yanzu, sauran labarin ya fi shiga.

Jami'ar ba ta jiya ba ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita da ya dawo mulki, daga baya ma shi da kansa ya yi digirin digirgir a cikinta. Hedikwatarta na Jabi a Abuja tun 2016, lokacin Farfesa Abdalla Uba Adamu yana shugabanta. Amma ɗalibi ba ruwansa da Jabi. Harkarsa da cibiyar karatu ce, irin ta Dutse-Alhaji ko ta Wuse II, kuma ita ke tantance takardunsa, ita ke tsara inda zai zauna jarrabawa. Don haka ka zaɓi cibiya gwargwadon inda kake kwana, ba inda abokinka yake ba. Mai zama a Mararaba ko Nyanya da ya zaɓi Dutse-Alhaji, ranar jarrabawar safe cunkoson hanya zai faɗa masa gaskiya.

Shiga ba wuya: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi. Ba a zana jarrabawar JAMB, amma sai ka daidaita gurbinka da hukumar ta JAMB, kuma kada ka bar wannan sai shekarar ƙarshe.

Inda ake fara ɓata shi ne wajen rajista. Za ka ciro lambar biyan kuɗi ta Remita da ake kira RRR, ka biya a banki ko ta wayarka, kuɗin su faɗa asusunka na fotal, wato shafin ɗalibai na jami'ar a intanet. To, biyan kuɗi ba rajista ba ne. Daga wannan asusun ne za ka yi rajistar zango, sannan rajistar kwasa-kwasai, sannan rajistar jarrabawa, kowacce da nata cajin. Da yawa sukan yi biyu su manta ta ukun, su yi ta karatu zango guda, sai ranar shiga ɗaki a nemi takardar rajistar jarrabawa babu. Ka buga takardun duka, ka kai cibiya a sa musu hatimi, ka kuma ɗauki hotonsu ka ajiye. In kuwa a shagon intanet za a yi maka, ka zauna kusa da yaron shagon, idonka a kan allo. Lamba ɗaya in ta kuskure a sunan kwas, ka yi rajistar darasin wani sashe ke nan. Imel da lambar waya su zama naka, kalmar sirri kuma ka canza ta da ka tashi daga kujerar.

Yanzu ga abin da ya sa na ware wannan kashi. Kowane kwas maki 100 ne: 70 na jarrabawa, 30 na aikin da ake kira TMA. TMA uku ne, kowanne tambaya goma a fotal, kana amsawa kana kishingiɗe a ɗakinka da littafi a buɗe. Makin tsallakewa 40 ne, A kuma daga 70 take farawa. Yi lissafin da kanka. Wanda ya tara 27 a TMA, maki 13 kacal yake nema a jarrabawa ya tsira, 43 kuma su kai shi A. Wanda ya bari aka rufe bai yi ba, sai ya ciro 40 cikin 70 kafin ma ya samu E, A kuwa sai in ya cinye jarrabawar kaf bai zubar da ko ɗaya ba. Kuma ba malamin da zai bi ka yana tuna maka. Ranar rufewa na cikin kalandar zango, wanda bai duba ba shi ya so. Masu jira sai daren ƙarshe sukan tarar da dubban irinsu a kan fotal, shafi yana ta juyawa, ga NEPA ta ɗauke, ga caji saura kaɗan.

Akwai masu sayar da amsoshi a zaurukan WhatsApp da Telegram. Ra'ayina a kansu a fili yake: asarar kuɗi ce. Wasu amsoshin na tsohon zango ne, wasu kuma wani ɗalibi irinka ne ya cinka. Ko da sun dace, ka hana kanka bitar da ta fi kowacce amfani, domin daga littafin da aka ciro TMA, daga nan jarrabawa ke fitowa. Hanyar da ta fi ita ce ka buɗe littafin PDF, ka bincika kalmar da ke cikin tambayar, ka karanta sakin layin gaba ɗaya, sannan ka zaɓa. Kafin ka danna turawa ka sake dubawa, don abin da ya tafi ba ya dawowa.

Littattafan kyauta suke a shafin jami'ar, an kuma yanka kowanne ƙananan darussa, da tambayoyin gwada kai a ciki. Ranar farko ka ƙirga su. A ce kwas takwas ka ɗauka, kowanne darasi 15, ka ga 120 ke nan. In mako 12 ya rage maka, darasi goma a mako, wato biyu a kowace ranar aiki. Ma'aikacin da ke fita Kubwa da asuba ya dawo bayan isha'i ya tambayi kansa tsakani da Allah ko zai iya. In ba zai iya ba, ya rage kaya. Ba dole sai an cike yunit 24, wato iyakar nauyin kwasa-kwasan da aka ƙayyade a zango, ba, kuma kwas biyar da maki mai kyau sun fi tara da ake ja zuwa baɗi.

Darussan kai-tsaye ta Zoom ake yi. Bidiyo na iya lashe kusan gig guda a awa, saboda haka ka kashe kyamararka, littattafai kuma ka sauke su lokaci ɗaya ka riƙa karantawa ba data.

Aji ɗaya da aji biyu a kwamfuta suke jarrabawa, akwai zaɓi-ɗaya, akwai cike gurbi. A cike gurbin nan kwamfuta ba ta san uzuri ba, harafi ɗaya ya kauce ta hana ka maki, don haka kalmomin fanninka ka iya rubuta su daidai. Daga aji uku sai biro da takarda, kuma nan ne masu haddar amsoshi ke zubewa, domin shekara biyu ba su taɓa rubuta shafi guda da hannu ba. Maganinsa ka nemi tambayoyin shekarun baya, ka sa agogo, ka rubuta amsa cikakkiya ko da sau ɗaya a mako. Idan jadawalin jarrabawa na gwaji ya fito, ka duba ko kwasa-kwasanka biyu sun yi karo a awa ɗaya, ka kai ƙorafi cibiya tun kafin na ƙarshe ya fito. Ma'aikaci kuma a ranar ya rubuta takardar neman izini wajen aiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga jarrabawar zangon farko.