Yadda na ɗaure zanen ƙafafun tanki da manhajar gwajin nauyi

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san matsayin tankin ruwa a gida, shi ya sa mafi yawan aikin da ke zuwa teburina zanen ƙafafun ƙarfe ne da za a ɗora tanki a kansu. Tanki mai cin lita 5000 yana ɗauke da tan 5 na ruwa, ban da guguwar farkon damina da ke dukansa daga gefe.

Bara wani magidanci a Birni ya nemi in ƙara tsayin nasa daga mita 4 zuwa mita 6, domin ruwa ya hau bene. Na gyara zanen, na buɗe manhajar gwaji, sakamako ya fito lafiya lau. Sai da mai walda ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya bi tazarar ƙarafan gicciye da yatsa, ya ce, "Injiniya, ƙafar nan ba ta yi siranta ba kuwa?" sannan na koma na tarar ashe tsohon fayil na gwada. Abin ya hana ni barci, domin lissafin Euler a bayyane yake: idan tsawon ginshiƙi tsakanin madogarai biyu ya ninka, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu.

Tushen matsalar shi ne fayil ɗin STEP, wanda da shi ake kai zane daga manhajar zane zuwa manhajar gwaji, kuma yana bin ƙa'idar ISO 10303. Kamar yadda aka saba fitar da shi, siffar abu kawai yake kaiwa, ba ya tafiya da lambobin da aka gina siffar a kansu, don haka daga lokacin da aka fitar da shi zane da gwaji sun raba hanya. Masu aiki da manhajar zane ta SolidWorks da manhajar gwaji ta ANSYS Workbench suna sa haruffan DS a sunan ma'aunin da suke so ya ƙetara, sai manhajar gwaji ta karanta shi, har ta iya sauya shi ta mayar wa zane. Ni kuwa manhajar zane ta FreeCAD na koma, domin kyauta ce, kuma ita nake so ɗaliban Jami'ar André Salifou su saba da ita. Tsayi da kaurin ƙarfe da tazarar gicciye duk suna cikin jadawali guda, kowanne da sunansa. Zane daga nan yake ɗauka, manhajar Gmsh ta yayyanka siffar ƙanana-ƙanana, manhajar CalculiX ta yi lissafi a kansu. Sai dai bayan kowane sauyi wajibi ne a sake yankan, in ba haka ba tsohuwar siffa za a gwada.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka ƙara rami ɗaya na ƙusa, manhaja tana iya sake wa fuskokin ƙarfen lamba, nauyin da aka ɗora a saman dandamali ya koma wani gefe ba tare da gargaɗi ba. FreeCAD 1.0 da ta fito a Nuwamba 2024 ta rage wannan sosai, amma duk da haka ba na sakin jiki. Kafin takarda ta je hannun mai walda ina tara ƙarfin da ƙafafu huɗu ke saukewa ƙasa, in cire nauyin ƙarfe da na tankin kansa, in tabbatar abin da ya rage ya zo kusa da kilonewton 49, wato nauyin ruwan nan.