Dattijon ƙasar Bama da na haɗu da shi a harami

Wallahi har yanzu maganar wani dattijo da na haɗu da shi a Makka lokacin umara ta ƙi fita raina. Bayan la'asar muna zaune ya miƙo min dabino, da ɗan guntun larabcina na ce Baba daga ina, ya ce Arakan, wato jihar Rakhine a ƙasar Bama da ake kira Myanmar, shi ɗan Rohingya ne, wata ƙabilar Musulmi marasa rinjaye a can, kuma kusan shekara 40 kenan bai taka garinsu ba. Dokar 1982 ta hana su zama 'yan ƙasa, to da wace takarda zai koma? Ƙanwarsa na cikin mutum sama da 700,000 da suka gudu Bangaladash a 2017 da sojoji suka afka musu, ya nuna min hotonta a waya tana tsaye bakin bukkar gora da leda a Cox's Bazar. Da na taɓo juyin mulkin da sojoji suka yi a ƙasarsu a 2021 sai ya ce har 'yan Buda da sojojin ke kashewa yanzu tausayinsu yake ji, nan jikina ya yi sanyi. Addu'a kawai muka yi ta yi har aka kira magariba.