Tulun Inna ya fitar min da 'yan tsaki 31

'Yan uwa masu haɗa injin ƙyanƙyasa, yau da asuba na buɗe tsohon firij ɗin nan da na mayar injin ƙyanƙyasa na iske 'yan tsaki 31 cikin ƙwai 40. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Zafi bai taɓa ba ni wahala ba. W1209, na'urar daidaita zafi, tana riƙe digiri 37.5 daram, ƙwan fitila biyu da fankar kwamfuta suna aikinsu. Danshi ne ya hana ni barci. Hunturun Gusau kun san shi, ma'aunina na danshi kashi 18 cikin ɗari yake nunawa a cikin shago, alhali ƙwai na son 50 zuwa 55, sannan daga kwana na 18 a kai shi 65 ko 70. Masu bidiyon YouTube cewa suke a sa kwanon ruwa, shi ke nan. Su a inda iska ke da laima suke zaune. Na sa kwano, na ƙara na biyu, na cika su maƙil, allon bai wuce 35 ba. Zagayen ƙyanƙyasa na biyu ne ya fi ƙona min rai: ɗan tsako ya huda ɓawo, kana jin kukansa, amma fatar ciki ta bushe ta manne masa kamar leda. Ƙwan naira dubu 10 da na ɗauko daga Talatar Mafara, huɗu kacal suka fita.

Maigidana a shagon gyaran fanka bai ce min uffan ba, ko da warin ƙwai ya kori masu zuwa karɓar kaya. Cewa ya yi lungun nan nawa ne, in ɓata abin da zan ɓata, kada dai in taɓa batirin shago. Da ya ce in bi yadda aka saba, da tuni na sayar da firij ɗin ga 'yan gwangwan.

Ina shan ruwa a gida na lura da jikin tulun Inna, kullum a jiƙe. Ashe ba yawan ruwa ke kawo danshi ba, faɗin wurin da iska ke shafa ne. Na ɗauke ƙaramin tulun (ta yi faɗa, na biya ta sabo), na naɗe shi da buhun garara jiƙaƙƙe, na ajiye daidai bakin fanka. Cikin awa biyu, 54. A kwana na 18 na daina juya ƙwai, na ƙara kasko da soso, na toshe rami ɗaya na iska, ya hau 68.

Sai dai tulu yana sanyaya ciki, fitilun suna daɗewa a kunne, batirina ba ya kai asuba. Dare uku ina tashi ƙarfe huɗu in sauya. Wanda ya gwada zuba ruwan ɗumi a tulun, ko liƙa soson katifa a ƙofa, don Allah ya faɗa min kafin damina, ƙwan zabbi nake hari, su kuma kwana 28 suke ɗauka.