Na dawo gida, na gode

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Jiya da la'asar aka sallame ni daga asibiti. Ina gida a Mabera, hannun dama bai gama dawowa ba, 'yata ce ke buga wannan saƙo a waya ina faɗa mata. Kun san yadda na faɗi a aji aka kai ni asibiti, ba sai na maimaita ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tsoron da ya kama ni a dare na uku. Harshena ya yi nauyi, in na so in ce ruwa sai wani sauti dabam ya fito. Shekara 14 ke nan da wannan bakin nake koyar da tauhidi a makarantar horar da fastoci. Ranar da na faɗi, alli na hannuna, muna kan taron Kalsedon na shekara ta 451, inda ikilisiya ta tsaya a kan cewa Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, ba a cuɗe ba, ba a rabe ba. Ina kwance na ce a raina, shi ke nan, wani ne zai ƙarasa musu darasin.

Ɗalibin da ya kwana da ni a daren nan shi ne wanda na fi matsa wa a aji. Sau biyu na mayar masa da takardarsa a kan Atanasiyus, wani malamin ikilisiya na dā, da taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekara ta 325. Ya ga hawaye na gangaro mini, ya haska fitilar waya, ya buɗe Ibraniyawa 4:15 ya karanta a hankali don kada ya ta da majinyata. Sai ya ce, "Malam, ai kai ka koya mana cewa Almasihu ya san gajiya, ya san ƙishi, har ya zauna a bakin rijiya a Samariya ya roƙi ruwa." Ya jiƙa auduga yana shafa mini a leɓe har barci ya ɗauke ni. Ɗana, ka hana ni faɗin sunanka, amma Allah ya sani. Ubangiji ya albarkaci hidimarka, ya ba ka tumakin da za su riƙe ka kamar yadda ka riƙe ni.

Mai keken da ya kai ni asibiti cikin zafin ranar nan ta Sakkwato Musulmi ne, bai san ni ba. Ɗalibai suka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce, "Allah shi ba shi lahiya." Duk wanda ya san shi ya kai masa gaisuwata.

Zumuntar mata, kununku bai yanke ba ko kwana ɗaya. Dattawan ikilisiya, likitoci, ma'aikatan jinya, masu gashin ƙashi, Baba mai gadi da ya tattara littattafaina daga ƙasa, Allah ya saka muku, ya tsare fitarku da shigarku, ya raba gidajenku da irin wannan kwanciya. Maman yara, tabarmar da kika kwana a kai mako uku, ba ni da bakin gode miki.

'Yan'uwa na gida da na yi ta duban ƙofa ko zan gan ku, na san hanya ba daɗi yanzu. Ko kiran waya ma da ya ishe ni.

Likita ya ce in huta wata biyu. Ɗalibaina, ku sa alama a Kalsedon, kada kowa ya tsallake. In Ubangiji ya yarda, daga nan za mu tashi.