Yadda jujin bayan gonata ya koma taki

Tulin farko da na haɗa bai zama taki ba. Na tara ɓawon kayan marmari, ragowar abinci, ɗanyar ciyawa da kashin kaji a rami guda, na kwarara ruwa, na lulluɓe da leda, na tafi da niyyar dawowa bayan wata biyu. Kwana goma kacal aka yi wari ya hana kowa bi ta wurin. Da na yaye ledar sai na tarar da baƙin caɓi yana tsatsafar ruwa, ƙudaje sun yi masa caa, ɗoyinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a zatona duk abin da ka jibge ka ƙyale zai gyara kansa da kansa.

Ashe ƙananan halittun da ke mayar da shara taki numfashi suke yi kamar mu. Ni kuwa na toshe musu iska da ruwa da leda, suka mutu, waɗansu da ba su buƙatar iska suka gaje wurin. Su ne masu fitar da wancan ɗoyin, tare da iskar metan da ke ƙara wa duniya zafi.

A karo na biyu na bar rami na dawo doron ƙasa. Masana sun ce a nemi kashi 25 zuwa 30 na kabon, sinadarin da ya fi yawa a busasshen kaya, ga kashi ɗaya na naitirojin, wanda ake samu sosai a ɗanyen kaya da kashin dabbobi. Ba ni da abin auna wannan, sai na mayar da lissafin baro: biyu ko uku na busasshen kaya, wato kara da aka sassara da busasshen ganye da dusar katako, ga baro ɗaya na ɗanyen kaya da kashin dabbobi. Na riƙa shimfiɗa su hawa-hawa ina yayyafa ruwa, har tulin ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Idan bai kai haka ba, ba ya riƙe zafi. Gwajin laima kuma a hannu yake: ka damƙi kayan ka matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu, ya yi daidai. In ya zubo, ruwa ya yi yawa. In ya wargaje da ka buɗe hannu, ƙishi yake ji.

Na soka rodi a tsakiya na bar shi. A rana ta uku da sassafe na zaro shi, na kasa riƙe bakinsa don zafi, tururi na tashi daga ramin da ya bari. Har yau ban manta daɗin da na ji ba. Daga baya da na samu ma'aunin zafi, na ga tulin yana kaiwa tsakanin digiri 55 da 65 a ma'aunin Celsius, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Duk mako nakan juya shi, na waje ya koma ciki. Hanci ma ma'auni ne: zarni na nufin kashin kaji ya yi yawa, naitirojin na gudu cikin iska, sai a ƙara busasshen kaya. Wannan tsari na shimfiɗawa da juyawa ba sabo ba ne. Wani masanin noma ɗan Ingila, Albert Howard, ya daidaita shi a Indore ta ƙasar Indiya tun a shekarun 1920, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman can ke tattalin ƙasarsu.

Amma abin da ya fi ba ni wahala ba zafi ba ne, ba laima ba. Warewa ce. Da na ga abin yana tafiya sai na yi kwaɗayi, na fara karɓar shara a cakuɗe daga duk wanda ya kawo. Lokacin tankaɗe, rariya ta cika da guntayen leda, murfin kwalba da fasasshen gilashi, ɗaya ma ya yanke ni a tafin hannu. Can ƙasa na tono batura biyu da suka fashe. Wannan tulin gaba ɗayansa ban kai shi gona ba, don ba zan zuba guba a inda abinci ke fitowa ba. Aikin wata uku ya tafi a banza. Tun daga ranar, bokiti biyu nake ajiyewa, kuma ba na karɓar abin da ba a ware tun daga inda ya fito ba. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara, asara yake bi. Abin da ke ci mini rai shi ne, ko wanda ya lalace ɗin ma da zai iya komawa ƙasa ya ciyar da ita, cakuɗa shi da leda da gilashi ke hana shi.

Buntun shinkafa ya buɗe mini wata ƙofar. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba buntu ne, ga shi da taurin ruɓa. Sai na riƙa turara shi a jikin gangar da na huhhuda na sa wa bututun hayaƙi, ya koma gawayi ba tare da ya cinye ba. Nan ma na yi kuskure: na zuba shi tsagwaronsa a kan fangali, ganyen shuka ya yi rawaya, domin sabon gawayi zuƙe abincin ƙasa yake yi kafin ya saki. Yanzu cikin tulin taki nake cuɗa shi ya yi makonni ya ƙoshi tukuna. Ranar da wuta ta fi ƙarfina kuwa, buntun ya zama farar toka. Wannan toka fiye da kashi 80 cikin 100 nata silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, shi ya sa ake gauraya ta da siminti. Abin da na ɗauka ɓarna ce, kayan aiki ne a hannun wani. A garin Kalundborg na ƙasar Denmak, tun shekarun 1970 masana'antu ke miƙa wa juna ragowar aikinsu, tururi da ruwa da toka, abin da wannan ya zubar wancan ya ɗauka.

Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, ba ka iya gane ɓawo daga ganye. Duk da haka ba na yarda da ido kaɗai, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Nakan cika gwangwani da shi, in shuka ƙwaya goma. Idan takwas ko tara suka tsiro da koren ganye, sai in ɗauko baro. Idan ba su kai ba, in mayar da shi inuwa ya ƙara mako biyu.